Gwajin hadda a aji: wace hanya ce ta fi wajen koyar da kwatanta rukuni biyu?

Malam Nasiru (Kano):
Assalamu alaikum malamai. Shawara nake nema. Zangon nan ni ke ɗaukar 'yan NCE darasin ƙididdiga, mako mai zuwa kuma za mu shiga babin kwatanta rukuni biyu, wato gwajin t. Kun san yadda ake yi: ka cika allo da ƙa'ida, su kwafe, su haddace, ranar jarrabawa su amayo maka ita. In ka tambayi ɗalibi me lambar da ya samu ke nufi, sai ya zuba maka ido.

Ina so su samar da alƙaluman da kansu. Zan raba takardu iri biyu, kowace da haruffa 24 iri ɗaya, a jere ɗaya, tsinkawar ce kawai ta bambanta.

Ta farko: BUK NTA JAMB INEC BBC WAEC ABU
Ta biyu: BU KNT AJAM BIN ECBB CWAE CABU

Su duba na daƙiƙa 20, su kife takardar, su rubuta abin da suka tuna. Makin mutum shi ne yawan haruffan da ya jero daidai kafin ya yi kuskuren farko. Tunanina in ba maza ta farko, mata ta biyu, tunda dama zamansu a rabe yake, rabon zai yi sauri. Me kuka gani?

Malama Bilkisu:
Wa alaikumus salam. Malam, kana ba mu mai wuyar kuma gobe a ce mata ba su da kai? Ba mu yarda ba.

Dakta Habu:
Wa alaikumus salam Malam Nasiru. Dabarar haruffan ta yi kyau ƙwarai. Rabon ne zai lalata ta, kuma raha Malama Bilkisu ta yi amma gaskiya ta faɗa. A ce rukunin farko ya fi maki. Wa zai iya cewa tsarin haruffan ne ya jawo, ba bambancin maza da mata ba, ko wurin zama, ko wani abu da ba mu ma yi tunaninsa ba? Ka haɗe sababi biyu wuri guda, babu lissafin da zai raba maka su daga baya. Haka in ka ce layukan gaba su ɗauki ɗaya, na baya su ɗauki ɗaya. Duk malami ya san su wa ke zama a gaba.

Ka gauraya takardun sosai kafin ka shiga aji, ka raba su a kife. Wanda ya samu, rabonsa. Wannan gaurayawar ita ce rabin darasin, kada ka yi ta a ɓoye cikin ofis sannan ka manta ka gaya musu bayan an gama.

Malam Nasiru (Kano):
Na gode Dakta. To amma in ƙuri'a ta tara min haziƙan ajin a gefe guda fa? Ba gara in zaɓa da hannuna in daidaita ba?

Dakta Habu:
Tana iya tara su, babu shakka. Bambancin shi ne muna iya lissafa sau nawa ƙuri'a ke yin irin wannan son kai. Son kan hannunka kuwa babu mai iya lissafa shi, har kai kanka. Gwajin t ɗin da za ka koyar musu, amsar wannan tambayar taka yake bayarwa. Ka riƙe tambayar, ka jira wani ɗalibi ya yi maka ita a aji. Za a samu mai yi.

Malama Bilkisu:
Ban da raha yanzu. Malam Nasiru, sake duba takarda ta biyu. BIN kalma ce ta Hausa. AJAM kuwa duk wanda ya yi makarantar allo zai karanta ta ajami. CABU ma ga ABU nan tana leƙowa. Ka ba rukuni na biyu guzuri ba ka sani ba, tazarar da kake nema za ta ragu. Ka sake tsinkawa, sannan ka ba wani malami ya karanta maka da ƙarfi, ka ji ko akwai abin da ke faɗa wa kunne.

Malam Isufu (Damagaram):
Sannunku da aiki malamai. Ni a nan Nijar, takardun biyu duk ɗaya ne wurin yaranmu, in ka cire BBC. JAMB da INEC ba su ce musu komai ba. Mu sai dai BEPC, BAC, CENI, NIGELEC. Wannan ma ya nuna abin da ake gwadawa ba ƙarfin ƙwaƙwalwa ba ne tsura, abin da mutum ya riga ya sani ne yake ɗaure sabon abu a jikinsa.

Farfesa Garba:
Malam Isufu ya taɓo tushen maganar. A 1956 masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya wallafa shahararren rubutunsa cewa abin da mutum ke iya riƙewa nan take bai wuce guda bakwai ba, a ƙara biyu ko a rage biyu. Abin da mutane ke mantawa shi ne ba haruffa yake ƙirgawa ba, dunƙule-dunƙule yake ƙirgawa. JAMB a wurin ɗan Kano dunƙule ɗaya ce, a wurin ɗan Damagaram huɗu ce. Daga baya, a 2001, Nelson Cowan ya ce bakwai ma ta yi yawa, abin ya fi kusa da huɗu. Chase da Simon kuma a 1973 sun gwada gwanayen wasan ches: in aka nuna musu allon wasa na gaske na 'yan daƙiƙoƙi sai su mayar da mafi yawansa daidai, in aka warwatsa 'ya'yan barkatai sai fifikonsu a kan ɗan koyo ya kusa ɓacewa.

Amma ina da ja a wani wuri. Yaran nan malamai za su zama, kuma a ƙarshe za su rubuta aikin bincike. Mai duba aikin gwajin t zai nema, da tebur, da darajar p, wato lambar da ke nuna sau nawa katari kaɗai zai iya ba da tazara irin wadda aka samu. Kada wasan takardu ya cinye awa biyu a fita ba a koyi lissafin ba. Na sha ganin darasi mai daɗi wanda ɗalibai ke tuna dariyar da aka yi, ba sa tuna komai bayanta.

Dakta Habu:
Ranka ya daɗe, ba na jayayya da cewa sai sun iya lissafin. Inda muka rabu shi ne wanne zai zo farko. Bari in kawo misali da lambobin da na ƙirƙira yanzu don bayani kawai.

A ce ɗalibai 8 ne. Masu takarda ta farko sun ci 14, 16, 17, 19. Masu ta biyu sun ci 9, 11, 12, 15. Matsakaicin na farko 16.5, na biyu 11.75. Tazara 4.75.

Sai ka ce wa aji: mu ɗauka tsarin haruffan bai yi komai ba, wanda ya ci 19 da ma 19 zai ci kowace takarda aka ba shi. In haka ne, tazarar nan aikin ƙuri'a ce kawai. To mu gwada ƙuri'ar mu gani. A rubuta lambobi takwas ɗin a gutsattsarin takarda, a zuba a hula, a girgiza, a ɗebo huɗu a kira su rukunin farko, sauran rukuni na biyu, a fitar da tazara. A sake. A sake.

Hanyoyin raba mutum 8 gida biyu, huɗu-huɗu, 70 ne cif. A cikinsu guda 2 kacal ke ba rukunin farko jimillar 66 ko sama: rabon da muka samu, da kuma 15, 16, 17, 19 mai jimillar 67. Ke nan 2 cikin 70, kusan kashi 3 cikin ɗari. Wannan ita ce darajar p, babu ƙari. Ɗalibin da ya sa hannu a hular nan ya ga yadda babbar tazara ke wuyar fitowa, in ka rubuta masa ƙa'idar t washegari ya san me take auna masa.

Malam Sabo Lissafi:
Dakta, na bi lissafinka, daidai ne, amma ka ɓoye mana ɗaya gefen. Akwai wasu rabe-rabe 2 da ke ba da tazara mai girman haka ta ɗaya ɓangaren, inda rukuni na biyu ne ke sama. In ka haɗa, 4 cikin 70 ke nan, wato 0.057. Ta haye 0.05, iyakar da aka saba yanke hukunci da ita. Da alƙaluma ɗaya, wani zai rubuta "akwai bambanci", wani ya rubuta "babu".

Dakta Habu:
Allah ya yi maka albarka Malam Sabo, abin da nake jira ke nan. Wannan ita ce muhawarar da nake so a yi a aji. Shi ya sa tun kafin a raba takardu za a sa ɗalibai su rubuta hasashensu: muna tsammanin wane rukuni zai fi, ko kuwa bambanci kawai muke nema ta kowane gefe? Ba a zaɓar gefe bayan an ga sakamako. Sannan su ga cewa tsakanin 0.029 da 0.057 ba wata katanga aka gina ba. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 tana jan kunne a kan wannan ɗabi'a ta yanke hukunci da ko an haye 0.05 ko ba a haye ba.

Farfesa Garba:
Sanarwa daban, mai duba aikin ɗalibi daban. Amma na ji.

Hajiya Rabi:
Ni sakandare nake koyarwa, gwajin t ba ya cikin manhajarmu, amma wannan na hula yarana za su iya. Tambayata, da aji babba fa? Ba za a iya jera duk hanyoyin ba ai.

Malam Sabo Lissafi:
Ko kusa, Hajiya. Mutum 40 kawai, ashirin-ashirin, hanyoyin raba su sun haura biliyan 137. Ba a jerawa, ɗanɗanawa ake yi. Ki raba aji ƙungiya-ƙungiya, kowace ta kwafi makin duka a gutsattsarin takarda, ta gauraya sau biyar ko goma, kowane karo ta zo ta ɗiga tazarar da ta samu a kan layin da kika ja a allo, sifili a tsakiya. Kafin a tashi za ki ga ɗige-ɗigen sun yi tudu a wajen sifili, sun sirance ta gefe biyu. Sai ki ɗauki alli mai launi ki sa alama inda ainihin tazarar ajin ta faɗo. In tana can bakin daji ita kaɗai, yaran da kansu za su ce wannan ba katari ba ne. In tana tsakiyar tudun, su ma za su gani.

Wanda ke da kwamfuta yana iya maimaita gaurayawar sau dubu a Excel, amma a fara da hannu.

Ustaz Mukhtar:
Malamai, ku yi haƙuri, ni ba ɗan lissafi ba ne, ɓangaren Larabci nake. Na ga a wasu wurare da karta ake wannan gaurayawar. Ina ba da shawara a tsaya a kan takarda da hula kamar yadda Dakta ya ce, kada yaro ya koma gida ya ce malam ya kawo karta aji. Ita ƙuri'a kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, Alƙur'ani kuma ya ambaci jefa alƙaluma a kan wa zai riƙi Nana Maryamu. Yara sun san ana yin ta ne don kada son rai ya shiga.

Tambayata ita ce: me zai hana a kwatanta mahaddata da waɗanda ba su yi hadda ba? Na tabbata mahaddata za su yi zarra, kuma zai ƙarfafa wa yara gwiwa.

Malama Bilkisu:
Ustaz ya dawo da mu maganar maza da mata ta wata ƙofa.

Dakta Habu:
Ustaz, Allah ya ƙara ilimi. Ana iya kwatantawa, lissafin ma bai canja ba. Abin da ya canja shi ne abin da kake da ikon faɗa a ƙarshe. Ba mu muka raba yara da ƙuri'a muka ce kai tafi tsangaya, kai zauna gida ba. Wataƙila mai kaifin riƙewa ne ke jurewa har ya sauke, wanda abin ya yi wa nauyi ya bari tun a izu biyar. In haka ne za ka ga mahaddata sun fi maki ko da haddar ba ta ƙara musu komai ba. Wataƙila kuma ta ƙara. Alƙaluman ba za su raba gardamar ba.

A gaskiya ina ganin a yi duka biyun rana ɗaya. A ƙasan takardar amsa a sa tambaya: ka haddace izu nawa? Sai a sami kwatance biyu daga aji ɗaya, guda an raba da ƙuri'a, guda haka aka tarar da shi. A tambayi ɗalibai a wanne ne za mu iya cewa "wannan ne ya jawo wancan".

Farfesa Garba:
An taɓa bincika irin wannan, Ustaz. Sylvia Scribner da Michael Cole sun yi aiki cikin al'ummar Vai ta Laberiya a shekarun 1970, inda ake da masu karatun boko, da masu rubutun Vai, da masu karatun Alƙur'ani. Abin da suka gano shi ne masu karatun allo sun yi fice a gwajin da ake ƙara kalma ɗaya-ɗaya ana maimaita jerin daga farko, irin yadda ake biya wa almajiri. Ba su ga fifikon ya bazu zuwa kowane irin gwajin tuna abu ba. Saboda haka kada ka yi mamaki in alarammanka ya ci 6 a takardar Malam Nasiru.

Ustaz Mukhtar:
Ranka ya daɗe, in ya ci 6 sai mu ce a kawo gwajin da haruffan Larabci.

Hajiya Rabi:
Wani abu da ba a taɓo ba. Kada a kira suna a faɗi maki. Yarinyar da ta ci 3 a gaban aji ba za ta ji sauran darasin ba. A karɓi takardun babu suna, a gauraya, kowa ya yi wa wani maki, a rubuta a allo. Kuma kada a gaya musu takardun iri biyu ne sai an gama, in ba haka ba kowa wuyansa zai miƙe zuwa ta maƙwabci.

Malam Sabo Lissafi:
Ƙari a kan na Hajiya. Malam Nasiru, kafin ka fitar da matsakaici, ka sa su ɗiga makin kowane rukuni a layi biyu, ɗaya bisa ɗaya, su kalla. Ina hasashen makin rukunin farko zai taru a 3, 6, 10, 14, 17, 21, 24, domin nan ne gaɓoɓin suke ƙarewa. Mutum ba ya tuna rabin JAMB. Ka bar su su gano dalilin da kansu. Sannan za su ga layukan biyu sun shiga juna: akwai ɗan rukuni na biyu da ya doke wasu 'yan rukunin farko. Nan ne ake gane cewa "rukuni ya fi rukuni" ba ya nufin kowa ya fi kowa.

Ka kula da lokaci kuma. In ka ba su minti guda, rabin rukunin farko za su ci 24, makin ya tokare da rufi, siffar ta karkace, sharuɗɗan gwajin t su fara rawa. Daƙiƙa 20 ɗin da ka ce ta yi.

Farfesa Garba:
Tunda an zo kan sharuɗɗa: bazuwar makin rukunin farko za ta iya fin ta na biyu nesa ba kusa ba, saboda wanda ya gane gaɓoɓin ya yi sama, wanda ya tuntuɓe a farko ya tsaya a 3. A irin wannan hali gyaran da masanin ƙididdiga Welch ya kawo wa gwajin t a 1947 ya fi dacewa da tsohuwar ƙa'idar da ke ɗaukar bazuwar ɗaya ce. Kada a tsallake wannan.

Kuma ku ba su ɗan tarihi, yana riƙe hankali. Mai gwajin t, William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness ne a Dublin, yana fama da 'yan samfurori kaɗan na sha'ir da sauran kayan haɗi. Kamfanin bai yarda ma'aikata su wallafa da sunansu ba, sai ya fitar da aikin a 1908 da laƙabin Student. Ita kuwa 70 ɗin Dakta Habu, ta masanin ƙididdiga Ronald Fisher ce. A 1935 ya ba da labarin wata mata da ta ce tana iya gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi. Ya tsara kofi 8, huɗu ta kowace hanya, a jere na ƙuri'a. Damar ta cinka duka daidai da ka kawai ita ce 1 cikin 70.

Malam Isufu (Damagaram):
Wannan na shayin sai mu gwada a teburin mai shayi, ranka ya daɗe.

Dakta Habu:
To ranka ya daɗe, da bakinka ka faɗa: shi kansa Fisher da ƙirga hanyoyin rabo ya kafa hujjarsa. Ƙa'idar t gajeriyar hanya ce ta kusantar wannan amsa lokacin da ƙirgawar ta fi ƙarfin hannu.

Farfesa Garba:
Kada ka yi min wayo Habu. Gosset ya riga wannan labari da shekara 27, kuma daga wata hanya dabam ya fito, ta ɗibar samfuri daga babban taro. Tambayoyi biyu ne masu kama da juna. Ɗaya tana cewa ko ƙuri'ar rabo ce ta haifar da tazarar a cikin ajin nan. Ɗayar tana cewa ko abin da muka gani zai tabbata a kan sauran ɗalibai da ba mu gwada ba. Ajin Malam Nasiru ba samfurin ɗaliban Najeriya ba ne, ba ma na kwalejinsu ba. Yana iya cewa tsarin haruffa ya yi tasiri a kan waɗannan yara. Ya wuce nan, ya shiga gonar da ba tasa ba. Ɗalibanmu kuwa kullum a babi na biyar na aikin bincikensu sai ka ga sun yanke wa jiha guda hukunci da makaranta ɗaya da ke kusa da gidansu.

Dakta Habu:
Wannan na sallama. A ƙara shi cikin tambayoyin ƙarshe.

Malama Bilkisu:
Me zai hana kowane ɗalibi ya yi takardun biyu? Sai a kwatanta mutum da kansa, a huta da zancen haziƙai sun taru a gefe guda.

Malam Sabo Lissafi:
Yana yiwuwa Malama, amma ba da haruffa iri ɗaya ba, don wanda ya ga BUK NTA JAMB ya riga ya gano sirrin ɗayar. Sai an tsara jeri biyu dabam, a yi ƙuri'a kan wanne mutum zai fara da shi. Lissafin ma ya koma na tagwaye, ana aiki da bambancin makin kowane mutum. Darasin wani mako ne wannan, kada a cakuɗa musu.

Malam Nasiru (Kano):
Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Ga yadda na tsara. Ranar farko: hasashe a rubuce, gwaji da takardun da aka gauraya, ɗige-ɗige a allo, hula. Tambayar izu tana ƙasan takarda, Ustaz. Rana ta biyu: gwajin t da na Welch a kan makin nan dai, mu ga ko darajar p ta kusanci abin da hula ta ba mu, sai maganar Farfesa ta iyakar abin da za a iya faɗa.

Saura tsinkawar takarda ta biyu. Na gwada B UKNT AJA MBI NECB BCWA ECABU, amma har yanzu ABU na nan a ƙarshe, AJA kuma Malama Bilkisu za ta ce kalma ce. Ina ganin sai na sauya jerin sunayen gaba ɗaya, in mayar da ABU tsakiya yadda za a iya tsinka ta.

Malama Bilkisu:
Kalma ce mana, ba ka taɓa jin an ce a ja shi ba? Turo sabon jerin nan kafin ka kai wurin mai hoton takarda.

Hajiya Rabi:
Ni ma a turo min, amma a cire BUK da ABU a sa NECO, 'yan aji huɗu na sun fi saninta.